Daga Kano zuwa Damagaram, kowane gari da kuɗin litarsa

Ɗaurin auren 'yar kawuna ne ya kai ni Damagaram a ƙarshen watan Nuwamban 2024, hunturu ya fara sauka, manoma na ta kai amfani gida. Mahaifiyata 'yar unguwar Birni ce, kusa da fadar Sarkin Damagaram, don haka hanyar ba baƙuwata ba ce: Kano, Dambatta, Kazaure, Daura, Mai'aduwa, a tsallaka iyaka a Kongolam, sai Maimujiya, Matamaye, Takeita, a shiga gari. Duka tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka. A da hirar mota a wannan hanya ta damina ce da cinikin dabbobi da labarin dangi. Wannan karon tun daga tasha maganar mai ake yi, kuma duk garin da muka shiga idon kowa na kan allon gidan mai.

Motar Sharon ce, direban dattijo ne mai furfura a gemu, marar yawan magana. Wata baiwar Allah mai goyo ta tsaya ciniki da 'yan kamasho, ta ce bara waccan da wannan kuɗin za ta je ta dawo har ta yi tsaraba. Direban ya matso ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Wallahi ba ni na sa ba, ni ma kai ni ake yi." Ta biya ta shiga. Sai da aka gama lodi, aka tattara kuɗinmu aka miƙa masa, sannan ya nufi gidan mai. Tankinsa ba komai, da kuɗin fasinja zai sha man da zai kai fasinja.

Mun wuce gidajen mai da dama a kan titin Katsina yana rage gudu yana duba allo. Wani ya ɗara wani da naira ashirin, wani da talatin, amma duk sun haura dubu da ɗari. A gidan man NNPC akwai ɗan rangwame, sai dai layin ya miƙe har ya sha kwana. "Idan na shiga nan, na yi asarar sahu guda," in ji shi. Inda ya tsaya daga ƙarshe, ya fito da kansa ya tsaya a kan mai famfo, ya tabbatar an mayar da lambar sifili kafin a fara zubawa. Bai ce a cika ba. Na daɗe ban ji direban haya ya ce a cika ba. Lita ashirin ya saya.

Ni ne a gaba kusa da shi, sai na tambaye shi yadda lissafin yake fita. Ya yi shiru har muka wuce kasuwar Dawanau, sannan ya ce, "Malam, kai ka yi da kanka. Wannan lita ashirin ɗin, kafin a cire tallafi ba ta kai dubu huɗu ba. Yau ka ga na ba da sama da dubu ashirin da biyu. Mai ya ninka kusan shida, kuɗin mota ko uku bai gama ninkawa ba, don idan muka ƙara mutane sai su zauna a gida. A cikin abin da ya rage za a cire na kamasho, da na ƙungiya, da na masu shinge a hanya, da balas ɗin mai mota. Baƙin mai da taya ban ma sa su ba. Wata rana abin da nake shiga gida da shi bai fi kwanon masara ba." Ya ce abokan aikinsa da yawa sun mayar wa masu mota makulli, wasu sun koma gona.

A bayanmu akwai wani tsoho da ya ce ya yi ƙuruciyarsa a tuƙin tankar mai. Shi ya karɓi zancen. Ya ce a zamaninsu ba Legas suke zuwa ba, a daffon Hotoro suke lodi, nan cikin Kano. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tana tacewa, bututu na turo man zuwa Kano da Gusau da Jos da Gombe har Maiduguri. "Da safe ka yi lodi, kafin azahar ka sauke a Daura ka juyo," in ji shi. "Yanzu yaranmu sai su yi mako a hanya, daga bakin teku, kilomita dubu da wani abu, suna ƙona gas mai tsada don su kawo fetur."

Abin da tsohon ya faɗa shi ne tushen bambancin da muke gani a alluna. Tun 1975 gwamnatin Najeriya ta kafa asusun daidaita farashin mai, wanda ake kira PEF. Aikinsa biyan 'yan kasuwa kuɗin dako, domin wanda ke Maiduguri ya sayi lita a kan kuɗin da na Legas ya saya. Ba kullum abin ya yi aiki ba, dillalai sun sha kukan an riƙe musu kuɗin dakonsu, mu kuma mun sha sayen mai sama da farashin gwamnati. Amma dai a ƙa'ida, nisa ba laifin mai saye ba ne. Dokar man fetur ta 2021 ta narkar da asusun a cikin sabuwar hukuma, sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Farashin da NNPC ya fitar bayan kwana biyu ya nuna inda aka dosa: Legas naira 488, Abuja 537, Kano 540, Maiduguri 557. Da man matatar Dangote ya fara fitowa a watan Satumban 2024, tsarin bai sake ba: kimanin 950 a Legas, 999 a Kano, 1,019 a Borno. Wato gwargwadon nisanka da teku, gwargwadon abin da za ka biya. Kuma jihohin da suka fi nisa da tekun su ne waɗanda aljihun mutanensu ya fi zama fayau. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk lamarin, fiye da cire tallafin kansa.

Wani matashi a kujerar baya ya ce ai mai matatar ɗan Kano ne. Tsohon ya ce, "Ɗan Kano ne, amma a Lekki ya gina, inda jirgin ruwa zai kawo masa ɗanye. Ba laifinsa ba ne. Tamu ta Kaduna wa ya kashe ta?" Ba wanda ya amsa.

Kafin Dambatta muka cim ma wata tanka tana tafe a hankali, direbanmu ya ba ta tazara sosai kafin ya wuce. Matar nan mai goyo ta yi salati. Kowa ya san abin da ke ranta. Makonni shida kacal kafin nan, a daren 15 ga Oktoba, tanka ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. An yi ta faɗa a rediyo cewa a daina kwasar mai, kuma gaskiya ne. Amma ban iya raba wannan musiba da abubuwa biyu ba: man da ya kamata ya bi bututu a ƙarƙashin ƙasa yana bin tsakiyar garuruwa a kan taya, kuma jarka guda ta kai kuɗin da talaka zai sa ransa a kai. Allah ya jiƙansu.

Daga Kazaure zuwa Daura direban ya riƙa sakin motar a firi duk inda ya samu gangare. A gefen hanya ana hango aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, inda aka tara ƙasa da inda aka kafa gadoji. Na tambaye shi ko ya yi tunanin mayar da motar mai amfani da iskar gas, tunda gwamnati na ta kiran a yi haka. Ya ce ya ji a rediyo. "To idan ta ƙare mini a Kazaure, a ina zan sha?"

A Daura allunan sun ɗan ɗara na Kano. Ba mu daɗe ba, muka sauke mutum biyu muka ɗauki ɗaya.

Daga Daura zuwa iyaka ne hanyar ta fi ba da labari. Gidajen mai ne jere, yawansu ya fi ƙarfin motocin da ke yankin nesa ba kusa ba, kuma da yawa a rufe, famfunan an lulluɓe su da buhu, awaki na kwance a inuwar rumfar. Duk wanda ya san wurin ya san ba don motocin Mai'aduwa aka gina su ba. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 a nan, a tsallake kuɗinta ya ninka haka fiye da sau uku idan ka juya shi zuwa naira. Tanka za ta sauke da rana, da dare jarkoki su bi ta daji a kan babura da amalanke da tsofaffin motocin da aka faɗaɗa wa tanki. A watan Nuwamban 2019, ana tsakiyar rufe iyakokin da gwamnatin Buhari ta yi, hukumar kwastam ta hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manyan 'yan fasa-ƙwauri sun sami wasu hanyoyin. Wanda ya ji jiki shi ne ɗan acaɓan garin da mai injin niƙa da mai ban-ruwa, waɗanda suka koma sayen mai a kwalba hannun 'yan bumburutu a ƙasarsu ta haihuwa. Har ranar da muka wuce, teburan kwalabe ne a bakin hanya, man na ɗaukar ido a rana, kuma kuɗinsa ya fi na kowane allo da muka gani tun daga Kano.

A Kongolam muka yi sallama da dattijon direbanmu. Ya ce zai jira lodi, idan bai samu ba nan zai kwana, don ba zai ƙona mai ya koma da kujeru ba kowa ba.

Na yi canji a wurin 'yan canjin bakin iyaka. Jika ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta haura naira 2,500, abin da a farkon 2023 bai fi dubu da 'yan ɗaruruwa ba. Na riƙe 'yan takardun da aka ba ni ina kallo, damin nairar da na bayar ya koma abin da zai shiga aljihun gaban riga. Bayan an duba takardunmu a ɓangarorin biyu, na shiga wata tsohuwar Toyota a Maimujiya. Direban saurayi ne, mai fara'a, ga surutu. Da ya ji daga Kano nake, ya ce, "Babban yaya, ku ne kuka kashe mana sana'a."

Ashe ɗan ruwa-ruwa ne a da, irin masu shigo da man Najeriya suna sayarwa a kwalba da jarka. Ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake yi, da ita ya yi aure, da ita ya sayi wannan motar. "A lokacin wa zai je gidan mai? Isansin Najeriya ya fi araha, ga shi a ƙofar gidanka. Daga nan har Damagaram, har Tanut, namu ake sha." Ya ce abin ya fara lalacewa da cire tallafi. Wata biyu bayan haka sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Faɗuwar naira ta ɗan dawo musu da riba na wani lokaci, sai kuma lita ta haura dubu a Najeriya, kwastam suka tsananta kame. A nasu ɓangaren kuma, a watan Yulin 2024 gwamnatin Janar Tiani ta rage farashi: isansi, wato fetur, daga sefa 540 zuwa 499, gazwal, wato man dizal, daga 668 zuwa 618. "Yanzu dala ɗari ce lita a gidan mai," in ji shi, wato sefa 500 a ƙidayar Nijar. "Ka juya ta, naira dubu da ɗari uku ce ko sama kaɗan. Idan na saya dubu da ɗari biyu a wajenku, na biya mai babur, na sallami na hanya, me ya rage? Sai wahala da tsoron wuta."

Na tambaye shi abokansa fa. Ya ce wasu sun tafi haƙar zinariya a Jado, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu suna nan suna zaman jira. Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa da ya zo nan.

Ya tsaya a wani gidan mai a Matamaye. Allon ya nuna 499. Da muka isa Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai, allon can ma 499. A cikin Damagaram, 499. Bayan yinin da na yi ina ganin lamba tana canzawa daga gari zuwa gari, wannan ya tsaya mini a rai. A Nijar gwamnati ce ke yanke farashi, kamfaninta SONIDEP ke rarrabawa, kuma kuɗin ɗaya ne a gidajen mai. Ba wai man yana da araha ba ne, don idan ka auna da abin da talakan Nijar ke samu, dala ɗari kuɗi ne mai nauyi. Amma direba ya san abin da zai tarar a gaba, yana iya yanke kuɗin mota yau ya tsaya a kai har wata mai zuwa. Dattijon da ya kawo mu daga Kano ba shi da wannan.

Mun shiga gari da la'asar sakaliya. 'Yan kabu-kabu na ta kai-kawo wajen Kasuwar Dole, duwatsun Birni sun yi ja saboda ƙurar hunturu. Kwanakin biki suka tafi da gaishe-gaishe da cin tuwo gida-gida, ban sake tada zancen mai ba sai daren da aka kai amarya, muna zaune da Kawu a ƙofar gida.

Kawu tsohon malamin makaranta ne, yana bin labarai a rediyo kamar ibada. Ya nuna arewa da sandarsa ya ce matatar SORAZ tana can kan hanyar Tanut, kimanin kilomita 50 daga inda muke zaune. Shugaba Tandja ne ya aza harsashinta a 2008, Shugaba Issoufou ya buɗe ta a watan Nuwamban 2011. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, Nijar 40. Ɗanyen man daga rijiyoyin Agadem da ke gabashin Nijar yake zuwa ta bututu, tana tace ganga 20,000 a rana. "Ƙarama ce," in ji shi, "ba ta kai ko kusa da taku ta Kaduna ba. Amma tana aiki."

Na ce, "Kawu, kenan matatar da ta fi kusa da Kano a duniya, mai aiki, ita ce wannan."

Ya ce, "Ɗana, ai shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa." Ya tuna mini cewa a 2018 gwamnatocin biyu sun sa hannu a kan gina matata a jihar Katsina wadda za ta riƙa tace ɗanyen man Nijar, a 2020 kuma aka sake sa hannu cewa Najeriya za ta riƙa sayen rarar man SORAZ. Matatar Katsina ba a gina ta ba. Ɗanyen man Agadem yanzu bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 ke kai shi gaɓar teku a Benin, a loda a jirgi a fita da shi.

Ni ban ga dalilin da zai sa a yi kewar tallafi yadda yake a da ba. Na ga gidajen man Kongolam da idona, na san ina kaso mai yawa na kuɗin ya tafi, kuma manyan da suka ci moriyarsa ba a kan babur suke ba. Amma cire tallafi daban, barin Arewa ta biya kuɗin nisa daban. Idan ba za a tada Kaduna ba, a gyara bututun da ke kawo mai Hotoro. Idan layin dogon da muka gani zai kai Maraɗi, to a tanadi taragun dakon mai tun yanzu. Kuma cinikin da mutanen iyaka suka shekara hamsin suna yi a jarka cikin dare, ƙasashen biyu za su iya yin sa da rana, da tanka da takarda, duk ɓangaren da ya fi araha ya sayar wa ɗan'uwansa.

Da na faɗa wa Kawu yadda farashinsu ɗaya ya burge ni, sai ya girgiza kai. Ya ce kada in yi saurin yabo. Shekara da shekaru man Najeriya ne ke cike wa Nijar giɓi, musamman a Damagaram da Maraɗi da Tawa. Yanzu duk wanda ke saye a kwalba ya koma gidan mai, an kuma rage farashi, sha ya ƙaru, matatar kuwa girmanta bai ƙaru ba. "Ka zuba ido," in ji shi.

A watan azumi, Maris na 2025, ɗansa mai kabu-kabu ya kira ni. Ya ce gidajen mai sun ƙafe, inda ake da shi layi ne tun sahur, na kwalba kuwa in an samu kuɗinsa ya ninka. Ya jingine babur ɗinsa kwana da kwanaki. A lokacin lita ta sauko ƙasa da naira 900 a wasu gidajen mai na Kano, bayan matatar Dangote ta rage kuɗinta. Hukumomin Nijar da kansu sun ce ƙafewar man fasa-ƙwauri na cikin dalilan ƙarancin, kuma duk da tsamin dangantakar da ke tsakanin Yamai da Abuja, sai da tawagarsu ta zo Najeriya neman a tura musu tankoki.